Mai Guga a Shikago, 1928

Kwalar riga ba ta ƙarya.
Ni Odessa, tun asuba nake gasa dutsen guga
a ƙarƙashin wani otal,
inda taga ba ta nuna min komai sai takalman masu wucewa.
Takalman sun ƙaru bana. Duk sauri suke.

A kwalar Mista Pemberton akwai jan-baki, ba kalar na matarsa ba,
da warin abin da doka ta ce babu shi a ƙasar nan.
A aljihu, takardar hannun jari, jiƙe da gumi:
jiya ya saya, yau ta haihu,
ba huɗa, ba iri, ba ruwan sama.
Ni da na tsinci auduga a Misisipi har yatsuna suka tsage
ban taɓa ganin gona irin wannan ba.

Ƙanena Lucius ya dawo daga yaƙin Faransa
da tari, da ƙahon tagulla.
Yanzu dare nasa ne.
In ya busa, fararen 'yan mata masu yankakken gashi
sai su hau tsalle kamar daɓe ya ɗau zafi.
Su tafa masa har hannu ya yi ja.
In an tashi, ta ƙofar kicin yake fita,
ta gefen bola, ƙaho a hammata.
Ya ce, “Yaya, busar ta shiga ko'ina.
Mai busar ne aka shata wa iyaka.”

Zenobia ta ɗauko rediyo bashi,
dala guda duk Asabar.
Mijinta ya ƙyalla ido kan mota.
Gari ya cinye abincin gobe tun yau, yana lasar yatsa.

Ban ce ban taka ba.
Daren da kuɗin haya ya gagara
muka jingine gado, muka kira unguwa:
senti ashirin da biyar a bakin ƙofa,
soyayyen kifi, fiyano mai giɓi uku.
Na yi rawa har na manta ina da ciwon baya.
Aka sallami mai gida, har da rarar sayen kwal.

Sai dai na san zare.
Rigar da ta sha sitaci takan tsaya ƙyam, tana ƙyalli,
ta lanƙwasa take fara tsagewa,
can inda mai ita ba ya dubawa.

Ƙararrawa. Wani kwandon ya sauko.
Na tofa wa ƙarfe yawu, ya amsa.
Riguna arba'in kafin rana ta take.