Kamu Biyu

An ɗauke wuta a Samaru tun bayan isha'i,
sai sama ta sauko kusa kamar rumfar kara.
Na hau rufin sashenmu da takardu a hammata.
Kaza da 'ya'yanta suna kiwo can saman Kufena,
ni kuwa lissafina ya ƙi kwanciya.

Shekara goma sha tara ina cin ƙurar alli.
Na gaya wa yara sararin nan buɗewa yake,
kamar ƙullun waina da ya kwana yana tashi,
kowane garken taurari na gudun ɗan'uwansa.
Na rubuta a allo, na ja layi biyu a ƙasa,
na ce su riƙe, zai fito a jarrabawa.

Yanzu ga awo biyu sun ƙi gaisawa.
Masu karanta hasken farko, zanen goyon halitta,
sun ce gudun sittin da bakwai ne.
Masu bin taurarin da ke lumshe ido suna buɗewa
sun ce a'a, saba'in da uku.
Kowa ya goge madubi, ya sake, ya kuma sakewa,
ba wanda ya ja da baya ko taku ɗaya.

Babana Tanimu maɗinki ne a Ƙofar Gayan.
Da kamu yake awo, gwiwar hannu zuwa yatsa.
Ran da ƙanensa ya sayo tef a Sabon Gari
suka auna saƙi ɗaya, aka sami saɓanin ɗani.
Ba su yi cacar baki ba.
Baba ya shimfiɗa saƙin a rana, ya daɗe yana kallo,
ya ce: in masu gaskiya biyu suka saɓa,
a tuhumi ƙyallen,
wataƙila yana da halin da ba mu sani ba.

Ga kuma hotunan da sabon madubi ya aiko
daga can ƙuruciyar zamani,
inda muka ce sai jarirai za a gani.
An ɗaga zane ranar suna,
sai ga jinjiri da turame a baki,
da gemu har ya soma furfura.
Wa ya yaye shi? Yaushe ya yi rarrafe?
Littafina bai ba shi lokacin ba.

Jiya Ladidi, wadda ke zama a bencin baya,
ta ɗaga hannu: Malama, to ƙarya kika koya mana?
Na buɗe baki, allin ya karye a hannuna.
Me zan ce?
Kashi biyar cikin ɗari muka taɓa gani,
saura muka raɗa masa suna duhu,
yadda ake kiran baƙon da ba a sani ba wane,
muka gina soro a kansa, muka shiga muka kwanta.

Ba ƙarya ba ce, Ladidi.
Riga ce aka yanka daidai jikin da muka auna.
Jikin ne ya motsa,
ko mu ne muka auna shi yana sunkuye.
Ɗinkin hammata ya fara ɓarkewa,
kuma ta ɓarakar nan iska ke shigowa.

Wata tirela ta yi nishi a Kwangila.
Kwaɗin Kubanni sun yi shiru, sun ci gaba.
Maigadi ya haska ni da tocila:
Malama, har yanzu ba a gama ƙirgar ba?
Na ce tukuna, Baba, ƙaruwa ma take.
Ya yi dariya, ya tafi alwala.

Gamzaki ya fito ta wajen Galma,
bai san ana gardama a kansa da danginsa ba.
Zan sauka kafin kiran assalatu ya ƙare.
Ƙarfe takwas ina da aji.
Zan bar rubutun yadda yake a allo,
layi biyun nan kawai zan goge da gefen mayafina,
in ce da Ladidi ta dawo bencin gaba.