Abin da Haliru Bai Rubuta Ba

Haliru ya bar mani ayyuka tara a rumbun manhaja,
tara cif, babu mai layin bayani ko ɗaya.
Ya saɓi jaka ya hau motar Illela,
ya ce, "Kulu, ai aikin na faɗin kansa."
Bai faɗa ba.
Kwana uku ina zaune da shi a Runjin Sambo,
fanka na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Na farko shi ne mai tsaron ƙofa.
Ka buga umarni a baƙin allo,
duk kalmar da ta biyo baya sai ya tare ta,
ya ba ta lamba, ya sa ta a layi.
Na rubuta: yana farawa daga ɗaya.
Na gwada. Ashe ƙarya na shara.
Daga sifili yake farawa,
kuma mai zaman sifili ba baƙo ba ne,
sunan manhajar ne da kanta,
maigida ya ƙirga kansa cikin masu cin tuwo.
Na goge, na sake.

Na biyu ƙidaya kawai ya iya.
Ko ba ka ba shi komai ba, zai ce maka ɗaya.
Yanzu ka san dalili.

Na uku, shi ya ja mana magana bara.
Wuƙa gare shi, inda ya ga fili nan yake yanka.
Alhaji Maccido na da fatun jar akuya ɗari huɗu
da za a kai Gidan Madi.
Yaronsa ya buga sunan garin yadda kowa ke rubuta shi.
Wuƙa ta sauka a tsakiya:
Gidan ya tafi gurbin gari,
Madi ya faɗa gurbin direba.
Yini guda ana cigiyar direba Madi a tasha,
fatu na jiran mutumin da uwarsa ba ta haifa ba.
Don haka na rubuta da manyan baƙi:
suna mai fili a ciki, ka rufe shi da alamar zance,
gaba da baya,
kamar yadda ake ɗaure bakin buhu.

Karan ɗori ɗaya, gajeren zaɓi.
Karan ɗori biyu da kalma, dogon zaɓi.
Karan ɗori biyu su kaɗai, ba kowa a bayansu manne,
wannan cewa yake: zaɓi ya ƙare,
sauran duk kaya ne, a sauke yadda suka zo.

Na bakwai yana ara maka wuri a ƙwaƙwalwa,
ba ya dawowa karɓa.
Na sa masa jimla guda:
wanda ya shimfiɗa tabarma shi ke naɗe ta.
Sai na ji tsoro kada wani ya ɗauka ado ne,
na ƙara a ƙasa: kira na takwas in ka gama.

Ban san wa nake rubuta wa ba.
Wataƙila wata yarinya a Mabera,
ƙarfe biyun dare, batir saura kaɗan,
tana neman layi ɗaya da ba zai yaudare ta ba.

Na tara ya gagare ni.
Na ba shi jeri cike, ya dawo da shi yadda yake.
Na ba shi fanko, ya yi shiru.
Na kira Haliru, hayaniyar kasuwa a bayansa.
Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi dariya:
"Wanga na tara, ni kaina ban san mi nir rubuta ba."

Na dubi gurbin da na bar masa, fari fat.
Na rubuta: ba a san aikin wannan ba tukuna.
Kada ka jingina da shi.
In ka gano, ka cike nan.

Na sa kwanan wata.
Shayina ya yi sanyi tun la'asar.