Gaba Goma Sha Huɗu

Ƙarfe huɗu na asuba a Rossport, tsakiyar Yuli,
Tafkin Superior na fitar da tururi kamar tukunyar da aka manta.
Na ɗaure wa Baba rigar ceto, na zaunar da shi.
Ya ce, "Aune, kin zo da shayin?"
Aune uwata ce, shekararta shida a ƙasa.
Na ce na zo da shi.

Shi ya koya mini, ina 'yar tara:
in zafi ya shigo, saman ruwa ya yi ɗumi,
tirawut ba ya shiri da ɗumi,
sai ya tattara ya gangara inda sanyi ke cizon ƙashi.
Mai nemansa a sama zai koma gida hannu rabbana.
Ma'aunin zafi yake ɗaurewa a igiya,
ya zura, ya jira, ya jawo da sauri ya karanta,
har ya gano inda ɗumi ya yi iyaka.

Dalma mai girman ƙwan agwagwa.
Siririyar waya a madadin zare, don ta fi nutsewa.
Can baya, cokali mai walƙiya da ƙugiya a wutsiya.
Inji ƙasa-ƙasa,
tafiyar wanda ya cika aljihu da ƙwai.
"Kuma kada ki miƙe sak kamar layin dogon can," in ji shi.
"Ki riƙa kwana.
A kwana cokali ke lilo, ya sulale
kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo.
Babba zai bi ki rabin awa yana kallo kawai,
ragon kamu ne, sai ya ga mai rauni."

Yau akwai na'urar da yayana Arvo ya saya,
allo mai nuna gindin tafki.
Ta ce gaba ashirin. Na saki gaba ashirin.
Awa uku muna jan dalma a bayanmu,
ban da ciyawa ba abin da ya gaishe mu.
Shayi ya huce. Baba na gyangyaɗi,
ya farka ya tambayi karen da ya mutu ina makaranta.

Sai ya miƙa hannu ya tsoma a ruwa,
ya daɗe,
ya ɗora yatsa kan waya kamar mai jin bugun jini.
"Kin yi ƙasa da yawa.
Iskar jiya daga tudu ta zo, ta kore ɗumin,
sanyi ya hauro, su ma sun biyo shi.
Ɗaga. Goma sha huɗu."
Na dubi allo, na dube shi,
mutumin da jiya ya sa takalmi a firji.
Na naɗe gaba shida.

A bakin tsibirin da ba bishiya na karya kwana.
Sanda ta sunkuya,
ba fizga ba, nauyi,
kamar na maƙale da ƙofar wani gida a can ƙasa.
"Sannu-sannu, Helmi!
Ki bar shi ya yi gyatsa, daga nesa ya fito."
Helmi.
Wata goma sha ɗaya ban ji sunan a bakinsa ba.
Ban waiwaya ba, hannuna biyu na aiki.

Kumfa ta fara tasowa, sannan toka-toka,
sannan ɗige-ɗigen fari a jikin kore mai duhu.
Baba ya zura koma ƙarƙashinsa a karo ɗaya,
hannun ko rawa bai yi ba.
Sanyin kifin ya ratsa mini tafi har gwiwar hannu.

Muna komawa, rana ta kai tsaka,
ya shafa gefen jirgin da ya ƙera da kansa
ya ce, "Na wane ne wannan? Ya iya aiki."
Na ce na wani Reino Kangas ne.
Ya jinjina kai.
"Ki gaya masa, Aune, dalmar nan ta yi masa kaɗan."