Daren da Madugu Ya Sauya Harshe

Ƙarfe ɗaya na dare, unguwar Zariya ta yi tsit,
sai injin Alhaji Nomau ke tari a ƙasan bene.
Ni da na'urori biyar cikin ɗaki mai sanyi.
Na ce bismilla, na danna.

Masu manhaja sun ce gyara ne kaɗan,
daga ashirin da huɗu zuwa ashirin da biyar.
Lamba guda. Ko shayina bai huce ba.

Madugun da ke raba wa na'urori kaya
ya farka da sabon harshe.
Akwatunan da ya sani tun bara,
mai ƙidayar kuɗi, mai kai saƙo waya,
suka zo da sallama irin ta jiya.
Ya dube su sama da ƙasa: ban san ku ba.
Su faɗi, ya tashe su, su sake faɗuwa,
har allo ya yi ja kamar shanyar barkono.

Ashe layi ɗaya ne.
An sallame shi tun zubi uku baya,
an kuwa faɗa, a shafi na sha tara,
da ƙananan baƙaƙe, inda ido ke gajiya.
Harisu da ya rubuta mana shi
yana Yamai, wayarsa a kashe.

Na ce in koma gidan jiya.
Rumbun bayanai ya ce ina,
shi ya riga ya sa sabuwar riga, ya yaga tsohuwa.
Sau biyu na roƙi na'urar gwaji,
Alhaji ya ce abin da ba ya kawo kuɗi
ai kura ce a rumbu.

Gari na wayewa masu aya za su iso daga Cadawa.
Inna Tsahara za ta zo da lambarta ƙulle a bakin zane,
jikka goma da ɗanta ya aiko daga Arlit.
Ita ina ruwanta da ashirin da biyar?

Sai na zauna, akwati bayan akwati,
ina koya musu sabuwar gaisuwa
kamar mai shirya ƴan ƙauye shiga gaban alƙali.

Ladan ya yi kiran farko, huɗu sun yi kore.
Ta biyar tana nan da jan ido.
Na bar ta. Na sauka neman buta,
shayin nan ya yi fata a kofi.