Wa Ya Auna Duwatsun?

Babana ma'auni ne a kasuwar riɗi ta Gadarif.
Kafin ya karɓi buhun kowa
sai ya ɗora dutsen da ya sani a kan sikeli,
ya jira allura ta daina rawa.
In ta tsaya inda ta tsaya jiya,
ya ce bisimilla.

Ni ɗalibai nake aunawa,
a ɗaki mai kwamfuta goma sha tara,
ɗaya ta mutu tun damina,
janareta na tari a bayan katanga.

Jarrabawarmu ba takarda guda ba ce.
Ka ci tambaya, ta miƙo wadda ta fi nauyi,
ka faɗi, ta sassauto,
kamar ciniki: a taya, a ce albarka,
a ƙara, a rage,
har a haɗu inda ƙarfinka ya tsaya.

Ikhlas ta amsa goma sha bakwai, na'ura ta ce ya isa.
Mujtaba sai da ya kai arba'in da ɗaya,
yana cin mai wuya, yana ɓarar da mai sauƙi,
allurarsa ta ƙi zama.
Ko tambaya ɗaya ba su haɗa ba,
amma makinsu ya fito kafaɗa da kafaɗa.

Da dare, a kan shayi, na ba Baba labari.
Ya ce, kowa da dutsensa ke nan?
To wa ya auna duwatsun?
Na ce dubun ɗaliban da suka wuce.
Ya ce, su kuma fa?
Na hura shayina, ko da yake ya riga ya huce.

Na ce, Baba, ita ma ta san tana kuskure,
har lissafa shi take yi.
A tsakiya, inda jama'a suka yi yawa, hannunta daidai ne.
Can gefe, wajen gwani ƙwarai da wanda ya makara ƙwarai,
duwatsunta kaɗan ne, sai ta yi ta lalube.
Ya ce, nawa ma haka:
ba ya cutar buhu,
amma kar ki kawo masa ɗan kunnen uwarki.

Abin da ban faɗa masa ba:
Mujtaba daga yankan riɗi ya zo,
kwana uku a gona,
yatsunsa sun tsage, idonsa ja.
Na'ura ta ƙirga shakkarta,
ba ta ƙirga barcin da bai yi ba.

Da safe na rubuta makinsa,
kusa da shi na sa ƙari ko ragi, shida.
Na aika masa: ka dawo ran Alhamis,
ka yi barci tukuna.
Zan zauna a bayansa da biro,
in ga ko za ta tsaya inda ta tsaya.