Minti Uku

Ni ƙanƙara nake sayarwa a kasuwar kifi ta Talcahuano,
hajar da ke narkewa tun ba a biya ka ba.
Talabijin ɗin kasuwa na rataye a saman teburin Eladio,
ƙuda ya yi masa zane, gishiri ya cinye masa kusurwa ɗaya,
amma in ya yi tari, kowa sai ya ɗaga kai.

Ranar Talata ya yi tari.
Wata mai jan baki ta ce teku ba ta da lafiya,
wai wani a Santiago ya ci kifi ya kwana a asibiti.
Aka nuna mushen tsuntsu a kan yashi,
aka sake nunawa, aka kuma,
har na fara jin kamar na san iyayensa.

Minti uku.
Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Kafin rana ta take,
labari ya riga kwale-kwale isowa gaɓa.
Yasna mai suya ta ce ita dama ta ga ruwan ya sauya launi,
ita da rabonta da bakin teku tun bikin ƙanwarta.
Direban bas ya ce kamfanin waje ne.
Ɗan sanda ya ce 'yan adawa ne.
Tsoho Baldomero ya ce alhakin cocin nan ne
da aka bar rufinsa yana yoyo.
Kowa ya zaro tsohuwar gabarsa daga aljihu
ya shafa mata sabon labari.

Kifi kuwa na kwance, ido buɗe,
shi kaɗai bai tofa ba.

Laraba 'yan jarida suka zo da kansu, takalma fes.
Herminia, shekara arba'in da ɗaya tana feɗe kifi,
ta yanki tsoka, ta matsa lemun tsami,
ta haɗiye a gaban kyamara.
Ta ce: ku dawo gobe ku ga ko na mutu.
Da daddare muka taru mu gan ta.
Wuƙar kawai aka nuna, da bakinta a wangale,
a ƙasa an rubuta: fushi a bakin tasha.

Ba wanda ya dawo.
Ba ta mutu ba.
Kwando goma sha bakwai ne suka mutu karo na biyu,
muka zuba wa karnukan tasha,
suka ci, suka lashe baki, suka yi barci a inuwa.

Asabar sakamakon gwaji ya fito: ruwa lafiya lau.
Mutumin Santiago, ashe kaza ce ta wuni a motarsa.
An faɗa, ban ce ba a faɗa ba:
wani siririn rubutu ne ya gifta ta ƙasan allo
kamar ɓera a gindin bango,
ana tsaka da maimaita ƙwallon da ta daki turke.

To, ga abin da ban gaya wa Herminia ba.
Talatar nan, ni ma na tura tsuntsun ga yayata a Temuco.
Sai da na cire safar hannu da haƙori don in danna.
Na rubuta: kar ki ba yara kifi.
Ita kuma ta tura wa iyayen makaranta, mutum sittin.
An ce magana zarar bunu ce.
Ni daga rufin maƙwabciyata na zara.

Yau Litinin.
Masu saye sun fara dawowa ɗai-ɗai,
suna shinshina kifi kamar ya taɓa cin amanarsu.
Talabijin ya koma kan wani mawaƙi da ya aske gemu,
Yasna na rantsuwa ita dama ta san za a yi haka.

Herminia ta miƙo hannu: buhu biyu, bashi.
Na ajiye mata uku.
Ta dube ni, ta dubi na ukun,
ta ci gaba da wasa wuƙarta.

Ƙanƙara na ɗiga tsakanin ƙafafunmu,
tana lalube a kan siminti,
tana neman hanyar teku.