Lamba Bakwai

Ɗan akwati ne shuɗi, bai cika tafi biyu ba,
fentin ya cinye a inda ƙafa ke takawa.
Nomau ya bar mini shi ranar da ya hau motar Agadas,
ya ce, "Riƙe, Lawandi. Yi yadda ka so da shi,
amma kada ka taɓa lamba bakwai."
Damina uku ke nan. Ban taɓa ba.

Ran Talata, saura kwana biyu biki a Garin Malam,
na sa waya, na taka,
gita ta yi tari irin na tsohuwar akuya.
Na sauya waya. Tari.
Na lashi batir, ya cije ni a harshe, ashe da ransa.
Na zargi ampli,
na zagi masu kuran, ba su ji ba, ba su gani ba,
na hura ramin waya, ƙwayar gero ta faɗo,
na taka. Tari dai.

Kasuwar Dole, rumfar Ɗan Tanin mai gyaran rediyo.
Bai ko ajiye shayinsa ba.
"Danna biyun nan tare, riƙe, sannan ka ba shi wuta.
In jar fitila ta ƙifta sau uku,
ya koma yadda uwarsa ta haife shi."
Na ce madalla.
Ban tambayi abin da jariri ke mantawa ba.

Ya tashi garau, saitin kamfani goma sha biyu.
Na ɗaya ɗakin katako ne.
Na biyu zauren wani birni da ban san sunansa ba.
Na biyar rufinsa ya yi nisa,
ka kaɗa tsirkiya yau, ta sauko gobe.
Na tara kogo ne mai ɗigar ruwa,
a garin da muke sayen jarka da layi!
Na zo bakwai, na taka a hankali:
makewayi mai tayil, tsaf, ba kowa.
Babu Nomau a ciki.

Na kwana ina murɗa kunnuwa uku,
na jinkiri, na tsawon wutsiya, na gaurayawa.
Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.
Sai da asuba na tuna shi,
bayan la'asar, a kan duwatsun bayan Birni,
yana tafa hannu sau ɗaya,
ya karkata kai kamar mai jiran sallama,
sannan ya sunkuya ya murɗa.
Ashe ba daga takarda ya samo bakwai ba.

Na hau da gita a baya, ƙaramin ampli a hammata.
Yara masu turin kura suka tsaya suna dariya.
Na tafa.
Dutse ya yi numfashi guda, ya amsa,
na bayansa ya amsa ƙasa-ƙasa,
wutsiyar ta je ta mutu a jikin ganuwa.
Na murɗa. Na tafa. Na rage. Na tafa,
har tafin hannuna ya yi ja.

Ya kusa, bai kai ba.
A gibin da amo ke bi ya wuce
wani ya tada gidan siminti mai bene,
yanzu amsa-kuwwa na dawowa da wuri
kamar yaron da aka aika ya tarar an rufe kanti.

Na ajiye abin da na samu a lamba takwas.
Na zana matsayin kunnuwan da ƙusa a gindin akwati,
don hannu ba ya mantuwa irin ta inji.

An yi biki. An yi rawa har ƙafa ta gaji,
ba wanda ya ji bambanci
sai Indo, ƙanwar Nomau, tana tattara kujeru,
ta ce, ba ta dube ni ba,
"Yau kiɗanka ya yi saurin yin shiru."

Bakwai tana nan da makewayin kamfani.
Ba na taka ta.
In ya dawo, ya hau da kansa.